Ranar da Jiri Ya Kama Bayyumi

Ƙanena Bayyumi ya shekara hamsin da takwas a duniya bai san abin da ake kira jiri ba. Ba ƙari nake yi ba. Yana ɗan shekara biyar mahaifinmu ya ɗaura masa tannura, ƙaton bujen nan mai launi-launi na masu rawar juyi, ya tsayar da shi a tsakar gidanmu a garin Disuƙ ya ce ya juya. Ya juya bai faɗi ba, kuma daga ranar bai sake yin wata sana'a ba. Babu bikin aure ko suna ko maulidi da za a yi a unguwarmu ba a kira shi ba. Yakan yi minti arba'in yana juyawa a wuri ɗaya da buje biyu a ƙugu, sannan ya tsaya cak, a miƙa masa kofin shayi ya sha ko ɗigo bai zubar ba. Ni nake ɗinka masa bujen tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka na san nauyinsu. In na wanke guda ɗaya sai na kira maƙwabciya ta taya ni shanyawa.

Mutum ne mai kyauta, mai son yara, ba ya riƙe mutum a zuciya. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: duk abin da bai taɓa ji a jikinsa ba, a wurinsa babu shi. Cewa yake jiri ƙarya ce da ragwaye suka ƙirƙiro don kada a sa su aiki. In muka hau jirgin fito za mu haye kogi wata mata ta dafe kai, sai ya yi ta dariya ƙasa-ƙasa yana zungurina da gwiwar hannu, har sai na harare shi.

Wanda ya sha wahalar wannan hali shi ne Ragab, ɗansa namiji tilo. Yana shekara bakwai uban ya ɗaura masa buje. Yaron yana da ƙafa mai kyau, kowa ya faɗa, sai dai duk ranar da ya yi juyi yakan zagaya bayan gidana ya yi amai, ya kwanta a kan siminti har sai fuskarsa ta dawo. Ni nake wanke rigarsa, ni nake ba shi lemon tsami ya tsotsa. Na gaya wa Bayyumi ya fi sau ashirin. Amsarsa ɗaya ce, wai ni da uwar yaron muke shagwaɓa shi.

Ragab na shekara goma sha shida aka yi wani bikin kaciya ranar Juma'a da la'asar. Uba da ɗa suna juyi gefe da gefe, mutane na tafi, sai yaron ya yi tangal-tangal ya faɗa kan teburin abin sha. Kofuna suka tarwatse, jama'a suka kwashe da dariya. Bayyumi ya tsaya, ya je ya ɗaga shi, ya sharara masa mari, ya ce da gangan ya yi don ya kunyata shi. A gaban kowa ya kwance bujen daga ƙugun yaron. Ragab ya kwana uku a gidana, a rana ta huɗu ya bi wani mai shimfiɗa tayil ya koyi aiki. Yanzu ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu, gidansa layi biyu ne daga na ubansa. Shekara goma sha huɗu ke nan ba sa haɗuwa sai da salla: ya zo, ya sumbaci hannun uban, ya tambayi lafiya, ya fita. Uwarsa Awatif ta rasu tana neman ta ga sun zauna sun ci abinci a faranti ɗaya, ba ta gani ba. Ni ma na tsufa, kuma tsorona shi ne in bi ta ban gani ba.

Bara da sanyi ciwon ciki ya kayar da Bayyumi. Likita ya ce tsakuwoyi ne a matsarmama, sai an yi tiyata, kuma allurar barci za a yi masa ta gaba ɗaya. Na je har inda Ragab yake aiki, na same shi a durƙushe yana jera tayil, na ce masa ni mace ce mai ciwon gwiwa, ba zan iya ɗaga ƙato kamar ubansa ba. Bai ɗago kai ba ya ce zai zo. Ya kuwa zo, da siminti a wandonsa, ya tsaya can ƙarshen baranda kamar wanda ya rako wani.

Kowa ya san yadda mutanenmu suke da ranar tiyata. Ba don tausayi kaɗai ake cika asibiti ba, ana zuwa ne a ji abin da mara lafiya zai faɗa in allurar ta fara sakinsa. 'Yan'uwa sun zo da lemo da ba wanda zai sha. Shahhat, makaɗin da ya shekara talatin yana yi wa Bayyumi ganga, ya kafa kujera a bakin gado tun kafin a fito da shi, yana cewa yau zai ji sunan matar da abokinsa yake wa kwalliyar gashin baki. Na kori sauran duka. Shahhat ne kawai ya gagare ni.

Wajen azahar aka turo shi. Fuskarsa ta yi fari, leɓensa ya bushe, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Mun daɗe muna kallonsa kafin ya buɗe ido. Da ya buɗe, sai ya damƙi ƙarfen gado da hannu biyu, ya ce a fitar da yara waje, girgizar ƙasa ake yi. Na ce babu wata girgiza, asibiti ne, an gama aiki lafiya. Ya dube ni bai gane ni ba, ya tambaya wa ya ce a ɗora gadonsa a jirgin fito. Daga nan ya fara kiran Awatif ta zo ta riƙe tukunya kada ta kife.

Can sai idonsa ya sauka a kan Shahhat, ya ga kamar ya gano bakin zaren. A zatonsa yana tsakiyar fili ne, juyi yake yi, makaɗi ya ƙi yanke kiɗa. Ya daka masa tsawa da muryar da ba ta fita sosai, ya ce ya isa haka, ya ajiye gangar. Shahhat ya nuna masa hannuwansa babu komai. Sai Bayyumi ya yi abin da ya saba yi in zai tsaya: ya ɗaga hannun dama sama, ya buga ƙafar dama da ƙarfi don ya kafe ta. Ƙarfen gadon ya buga. Ya sake bugawa. Nas ta shigo da gudu ta danne kafaɗarsa, tana cewa zai farke ɗinkin.

"Yaya," ya ce da ni, a lokacin ya gane ni, "na tsaya. Wallahi na tsaya. Ɗakin ne ya ƙi tsayawa. Wane irin abu ne wannan?"

Ban taɓa ganin tsoro a idon Bayyumi ba sai ranar, kuma ni ma na tsorata. Kafin in buɗe baki amai ya taso masa. Ban ga lokacin da Ragab ya shigo ba, sai ganinsa na yi da tasa a hannu, ya tallafi goshin uban da tafin hannunsa har ya gama, ya goge masa baki.

"Jiri ne, Baba," ya ce. "Shi ne wannan."

Bayyumi ya ƙura masa ido. Ya tambaya ko haka shi ma yake ji in ya yi juyi. Ragab ya ce haka. Sai ƙanena ya fashe da kuka, kuka irin na yaro, da majina da sheshsheƙa. Ya kama wuyan rigar ɗansa yana cewa bai sani ba, bai sani ba, ya yafe masa, a kawo bujen ya mayar masa, a'a kada a kawo, a ƙona shi. Ragab ya tsaya a sunkuye bai motsa ba, da tasar a hannunsa. Na ce a raina, Allah na gode maka, yau ga ranar da Awatif ta jira.

Nas ɗin ce ta ɓata min. Ba da mugunta ta yi ba, ta ga hankalinmu ya tashi ne tana so ta kwantar mana. Tana gyara ƙarin ruwa ta ce kada mu damu, duk haka suke yi, allurar ce, jiya ma wani mahauci ya yi rabin awa yana neman gafarar fanka, kuma gobe ba abin da zai tuna. Na ga fuskar Ragab ta rufe. Ya zare rigarsa daga hannun uban a hankali, ya fita da tasar. Da na iya da na toshe wa yarinyar nan baki da lemo.

Abin haushin shi ne, Bayyumi da kansa ya yi ta gaskata ta har la'asar. Ya yi kuka a kan wani jaki da mahaifinmu ya sayar muna yara. Ya gaya wa Shahhat cewa kiɗansa bai taɓa yin daɗi ba amma yana ƙaunarsa, ya nemi ya sumbaci kansa. Ya yi wa sandar ƙarin ruwa sannu da tsayuwa. Da Ragab ya leƙo, ya kira shi da sunan mahaifinmu, ya ce ya yi haƙuri gobe zai yi juyi da kyau. Yana dariya sai ya koma kuka, yana kuka sai barci ya ɗauke shi baki buɗe. Na zauna ina kallonsa na rasa wanne zan ɗauka, wanne zan zubar. In kukan jakin na magani ne, na Ragab fa? In na Ragab na gaskiya ne, ashe ita ma sandar da gaske yake gaishe ta?

Na sami Ragab a baranda ya jingina da bango. Na ce ya ji abin da ubansa ya faɗa. Ya ce ya ji.

"Gwaggo, magani ne yake magana," ya ce. "Kada ki sa ni in sa rai."

Na so in yi masa faɗa, amma ba ni da hujja. Na dai roƙe shi ya kawo min wake da gurasa da safe kafin ya wuce aiki.

Washegari Bayyumin da na sani ya dawo. Ya ce shayin asibiti ruwan wanke kofi ne, ya ce matashin ya yi tauri, ya tambaya yaushe za a sallame shi don akwai biki nan da sati uku. Shahhat ya fara tsokanarsa da zancen jaki, Bayyumi ya ce ƙarya yake yi, shi bai tuna komai ba tun daga lokacin da aka ce ya ƙirga zuwa goma. Na waiga. Ragab yana tsaye a bakin ƙofa da ledar gurasa, ya ji komai. Ya ajiye ledar a kan kujera, ya gaishe da uban gaisuwar salla, ya ce zai wuce, ana jiransa.

Daidai nan nas ta shigo ta ce likita ya ce dole mara lafiya ya tashi ya taka, ko zuwa ƙarshen baranda ne. Shahhat ya miƙa hannu, Bayyumi ya ture shi, ya ce mutumin da ya shekara hamsin a kan ƙafarsa ba ya bukatar sanda. Ya sauko da ƙafafu, ya miƙe, ya yi taku ɗaya. Sai na ga idonsa ya yi irin na jiya, hannunsa ya fara laluben iska, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ragab ne ya tare shi, ya sa kafaɗarsa a hammatarsa.

Da murya ƙasa-ƙasa Ragab ya riƙa gaya masa yadda zai yi. Kada ya rufe ido, rufewa ƙara shi take yi. Ya zaɓi layi ɗaya a tsakanin tayil ya kafa masa ido. Ya ja numfashi ta hanci, ya danna harshe a dasashi, in yawu ya taru ya haɗiye a hankali. Bayyumi, wanda ban taɓa ganin ya bi umarnin kowa ba, ya yi duk yadda aka ce. Suka tsaya haka har fuskarsa ta ɗan dawo.

"Wa ya koya maka wannan?" ya tambaya, idonsa na kan tayil.

"Ba kowa. Haka nake yi."

Wannan karon babu allura, babu kuka, Bayyumi idonsa biyu, ya san ranar da muke da garin da muke. Gumi ne kawai yake tsattsafo masa a goshi.

"Shekara nawa ka yi kana juyi a haka?"

"Tara."

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

Na jira ya ce wani abu, ko ya nemi gafara kamar jiya, ko ya yi musu kamar yadda ya saba. Shi kuwa ya ci gaba da kallon layin tayil ɗin. Shahhat mai surutu ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. Nas ta ce ko a mayar da shi gado, Bayyumi ya girgiza kai, girgizar ta sa ya ƙara damƙar kafaɗar ɗansa har yatsunsa suka nutse a rigar.

"Kada ka sake ni," ya ce.

Ragab ya ce ba zai sake shi ba. Ya zaro waya da hannu ɗaya, ya gaya wa mai gidan da yake wa aiki cewa yau ba zai samu zuwa ba, yana tare da mahaifinsa. Suka fita barandar suna jan ƙafa, dukansu biyu suna kallon ƙasa. Ni kuwa na zauna a bakin gadon da ledar gurasa a cinya, na yi ta kuka har nas ta dawo tana tambaya ko ni ma a duba ni.