Za Ki Girma a Ciki

Duk wanda ya taso a unguwar Briqueterie ya san kakanmu, Malam Bala tela, bai taɓa auna yaro ba. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa kamar laya, amma in an kawo yaro sai ya kalle shi ta saman tabarau, ya yanka yadi daidai uban yaron. In uwa ta yi ƙorafi ya ce, "Hajiya, yaro ba turmi ba ne. Zai girma a ciki."

Ni ne shaida! Wandon makarantar da ya ɗinka mini a ƙirji nake ɗaure shi. Ranar da iska ta taso a kasuwar Mokolo, wata mai ayaba ta ƙwala mini kira, "Kai yaro, kama ƙarfe kada ka tashi sama!"

Lokacin kiriz, wato matsin tattalin arzikin nan da aka zaftare albashi, wani ma'aikaci daga Tsinga ya kawo wandonsa a rage masa, don ya rame. Kaka ya juya wandon ya miƙa masa abinsa.

"Mesiye, an rage maka albashi, an rage maka nama a miya, ni ma in rage maka wando? Ban shiga gwamnati ba tukuna."

"To yaya zan yi, Baba?"

"Ga igiya kyauta. Ai kullum rediyo cewa take a ɗaura ɗamara."

A shekarar ne mahaifiyarmu, 'yarsa tilo, ta rasu. Ƙanwata Ladidi, mai shekara shida, ta daina magana ɗungurungum. An ba ta rubutu, an kai ta asibiti, shiru. Kaka da ya saba tsokanarta da "amaryata" ya yi ta kira, ko kai ba ta ɗagawa. Wata uku muna haka, kuma wallahi mun tsorata.

Da Sallah ta matso, Kaka ya buɗe akwatin Inna, ya ɗauko atamfar da ba ta kai ga ɗinkawa ba, ya hau keken ɗinki. Da safen Sallah Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zura wa Ladidi rigar, yarinya ta ɓace ɓat! Hannun riga na jan ƙasa, kai ma bai fito ba. Kaka ya dinga zagaya tsakar gida yana leƙa bayan randa.

"Jama'a, ina amaryata? Na ɗinka riga ba mai sawa. Bari in ba mahaucin layinmu ya rufe rumfa da ita."

Sai wata 'yar murya ta fito daga cikin atamfa: "Kaka, wallahi ba ka iya ɗinki ba!"

Gwaggo ta saki kwano. Kaka ya juya wai yana neman allura, amma na ga hawaye a gemunsa.

"Shekara arba'in ina ɗinki, sai yau aka faɗa mini gaskiya," in ji shi. "Uwarki ba ta sa ba. Ke za ki girma a ciki, in Allah ya yarda."

Bayan shekara goma sha biyu ya rasu. Ranar sadakar uku Ladidi ta fito sanye da rigar nan, ta zauna mata cif. Ta shafa kafaɗa, tana dariya tana kuka, ta ce, "Yaya, ashe tsohon nan ya auna."

Allah ya jiƙan Kaka, ya haɗa shi da 'yarsa. Ya Allah, ka yalwata masa makwancinsa, ka san bai taɓa son matsattsen abu ba.