Barira da Daren Laraba

Duk wanda ya ce muku Barira muguwa ce, ku turo min shi. Ni Fatsuma gida ɗaya muka zauna da ita a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar Malayawa, tukunyarmu ɗaya, kuma a kan idona aka yi komai.

'Yar Bichi ce. Ta daɗe tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, har alli ya cinye mata yatsu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya ɗaya. Da gurbin karatu ya fito sai ta ajiye yarinyar wurin Innarta, ta hau jirgi tana share hawaye. Hukumar da ta turo ta ba ta ɓoye mata ba: in wa'adi ya cika babu digiri, ta tattaro kayanta ta dawo, ba a ƙara wa kowa lokaci. Don haka ba yawon kantuna ya kawo ta ba.

Ranar da ta fara gaya min aikinta dariya na yi. Wai wasiƙun wasu Turawa biyu masu nazarin taurari take karantawa, mutanen da suka mutu tun ba a haifi kakanninmu ba. Kowanne da gidansa na duban sama, ɗaya a wani tsibiri, ɗaya a bakin teku, suna aika wa juna takarda ta jirgin ruwa. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, ita ma laƙabi ta sa musu. Tsohon cikinsu Mai Tari, don ba ya rufe wasiƙa sai ya yi ƙorafin ƙirjinsa da raɓar da ke ɓata masa gilashin na'ura. Ɗayan kuma Mai Gardama. Wata tauraruwa mai wutsiya ce ta shiga tsakaninsu, kowa ya ce shi ya fara ganinta. Aka ba Mai Gardama gaskiya, tsohon ya mutu da abin a ransa.

Aikin nan ya ci Barira. Rubutun kamar kaza ta yi tono, ga shi mutanen kwanansu daga tsakar rana yake farawa, sai ka ga kwanan watan da ke kan takarda daban, daren da ake nufi daban. Haka ta bi su layi-layi har sai da aka sa mata tabarau. Wata rana ina soya albasa ta faɗo kicin tana tsalle kamar ba uwa ba.

“Fatsuma, an zalunci tsohona! Shi ya riga, da dare ɗaya cak!”

Babin da digirinta ya dogara a kai ke nan.

To, sai Abdulbaƙi. Sashensu ɗaya, malamar da ke duba aikinsu ɗaya, wata furofesa Bamalaya mai sanyin hali. Ɗan Abuja ne, Hausarsa rabi Turanci, kullum cikin farar shadda da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shi ke gaba a duk taron ɗalibanmu, amma bincikensa ya daɗe da mutuwa a hannunsa, kowa ya sani. Ya zo da murmushin nan nasa ya ce, “Malama Barira, kawo babin in ɗan gyara miki Turancin, ai 'yan uwa muke.” Ta ɗauka ta ba shi, baiwar Allah.

Bayan 'yan makonni sai ga sanarwa a allon sashe: za a gabatar da sabon bincike a kan wanda ya fara ganin tauraruwar, mai gabatarwa Abdulbaƙi. Ashe har ya je ya gaya wa furofesa cewa tunanin nasa ne, Barira kwafar wasiƙu kawai take taya shi. Kun ji ɗan banza? In ya riga ta tsayawa gaban mutane da shi, babin ya zama nasa, ita kuma ba ta da lokacin fara wani.

Ni cewa na yi mu je mu yaga masa shaddar. Ita ta ce a bi ta hannun manya. Muka hau jirgin ƙasa har unguwar Cheras wurin Malam Datti, dattijon ɗalibanmu, wanda ke jan salla in an taru. Ya saurare ta yana jan carbi, sannan ya ce, “Barira, ki yi haƙuri. Ƙasar mutane muke, kada mu tona wa kanmu asiri. Yaron nan yana da iyali.”

Ta ce, “Ni fa, Malam? Daga sama na faɗo?”

Ya ce ta dai yi haƙuri. Wallahi a ranar na tsani kalmar nan.

Daga nan Barira ba ta sake kai kuka wurin kowa ba. Abu ɗaya ta sani: babin da ta ba shi bai kai ƙarshe ba, babu shafin da ta warware ainihin daren da tsohon ya ga tauraruwar. Shi kuwa ba zai iya warwarewa da kansa ba. Dole ya zo.

Ya kuwa zo. Muna wani shagon abinci, irin wanda suke kira kedai mamak, kusa da tasha bayan la'asar, muna jiran a ɗaure mana tapau, wato abincin tafiya da shi gida, sai ga shi ya ja kujera ba kunya ba tsoron Allah. Ya yi ta zuba, wai rashin fahimta ne, wai zai ambaci sunanta a wurin godiya. Can ya karkato.

“Af, Malama, tuna min mana. Tsohon nan, which night ne ma ya fara ganinta?”

Ta dube shi ido cikin ido ta ce, “Daren Laraba.”

Ya rubuta a waya, ya tashi yana cewa, “Okay lah, na gode.” Na taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur har ta yi ƙara.

A hanya na tsare ta. “Yaya Barira, kin haukace? Abin da ya rage miki ke nan, kika miƙa masa!”

Ta ce, “Gaskiya na gaya masa, Allah ne shaidata. Ke yaushe ne daren Laraba?”

Sai a lokacin na gane. Ai mu dare ke riga rana. Daren Juma'a shi ne Alhamis bayan magariba, kowace tsohuwa a Bichi ta san wannan. Daren Laraba kuwa Talata ce da daddare. Amma wanda ke tunani da Turanci, in ya ji haka, Laraba da daddare zai rubuta. Na saki wata dariya a bakin titi har masu babura suna waige.

Ranar taron ɗakin ya cika, har da Malam Datti a layin gaba. Abdulbaƙi ya tashi yana juya hannu, yana karanto jimlolin Barira ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya haife su. Da ya zo ƙarshe ya haska a bango da manyan baƙaƙe cewa tsohon ya ga tauraruwar ranar Laraba da daddare. Aka tafa.

Barira ta ɗaga hannu. Cikin ladabi, da Turancin nan nata da aka ce yana buƙatar gyara, ta ce ai Mai Gardama ma Laraba da daddare ya gan ta, to ta ina tsohon ya riga shi? Ya fara in-ina. Ta roƙi izinin furofesa, ta haska hoton wata wasiƙar tsohon a bango, ta ce ya taimaka ya karanta wa jama'a layi na farko. Ya matsa, ya ƙanƙance ido, ya goge tabarau. Ko kalma ɗaya ta gagara. Ita ta karanta: tsohon yana cewa ranar Laraba ruwa aka kwana ana yi, ko rufin ɗakin na'urar bai buɗe ba.

Ta ce, “Ta cikin ruwan saman ya hango ta?”

Gumi ya karyo masa. Sai kawai ya manta inda yake, ya daka mata tsawa da Hausa: “Ai ke kika ce min daren Laraba!”

Furofesa ta ce me ya ce? Kafin wani ya rufa masa asiri na miƙe tsaye na fassara mata, da ƙarfi, har na maimaita don na baya su ji. Barira ta yi bayanin yadda muke ƙirga dare. Furofesa ta gyaɗa kai ta ce su ma Malayawa haka suke yi. Sannan ta juya wurinsa, fuskarta ba sauran sanyi, ta ce in binciken nasa ne, me ya kai shi tambayar wata sakamakonsa?

Kwamiti ya zauna. Aka mayar wa Barira babinta, shi kuma aka sallame shi daga karatun. Na ji daɗi, kuma har gobe ina jin daɗi. Amma mutanenmu? Sai suka juya mata baya. Matan da ke zuwa cin tuwonmu suka ɗauke ƙafa, a masallaci a amsa mata sallama a daƙile, wai ta kunyata mu a gaban baƙi. Ɓarawon bai kunyata kowa ba, sai wadda aka yi wa satar.

Ana gobe Abdulbaƙi zai bar ƙasar, da hantsi, Malam Datti ya kawo shi gidanmu. Kun san al'ada, mai tafiya ba ya tafiya sai an yafi juna. Abdulbaƙi ya durƙusa a kan tabarma, kai a ƙasa, ya ce sharrin Shaiɗan ne.

Malam Datti ya ce, “To Barira, komai ya wuce. Ki ce kin yafe masa.”

Ta ce, “Malam, da na zo wurinka da kukana, ka kawo shi ya durƙusa?”

Kafin ya amsa ta ɗora:

“Da dabarata ba ta ci ba, yau ni ce mai haɗa kaya, kuma babu wanda zai tako nan. Ban yafe ba.”

“Subhanallahi! Ko don gobe ƙiyama?”

“Can ma ina jiransa.”

Malam Datti ya juyo wurina wai in sa baki. Na tashi na buɗe musu ƙofa, na riƙe ta har suka gama sa takalma.