Gefen Littafin Kaka da Muka Yanke a Satwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da ƙanina, da gafakar kakanmu a jakar hannu. Abin da ke ciki littafin magani ne na Larabci, takardu warwara, da hannunsa ya kwafa. Wani ɗan'uwanmu mai aiki a Dubai ya ce wata tsohuwa Bafaranshiya ta zo duba tsofaffin littattafai, ta san asalin irinsa. Baba kuwa yana so ya san abin da mahaifinsa ya bari kafin ganinsa ya tafi gaba ɗaya.

A unguwar Al Qusais ta Dubai muka sauka, mu shida a ɗaki, gado kan gado. In aka gwada da na can, zafin Kano wasa ne. Shayin madara dirhami ɗaya, da shi da gurasar 'yan Pakistan muka rayu. Jirgin ƙasansu ba direba, ƙanina ya yi ta salati har muka sauka.

Kunya ce ta ja mana. Na ga bai kamata mu kai wa baƙuwa takardu a warwatse ba, gefensu duk ya yayyage. Muka je unguwar Satwa, wani mai ɗinkin littattafai ya daidaita gefen da injin yanka, ya sa bango mai ruwan zinariya. Na fito ina taƙama.

Ofishin da tsohuwar ke aiki yana unguwar Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwan katako ke lodi. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, tabarau biyu rataye a wuya. Wani ɗan Nijar ya yi mana tafinta. Shekara arba'in ta yi tana gwada kwafin littattafan likitocin Girka na dā. Da ta ga wasu ba su tsira ba sai a fassarar Larabci, ta koyi Larabci da furfurarta.

Ta buɗe littafin, ta shafa bakin shafi.

"Yaushe aka yanke?"

"Jiya," na ce.

Ta ce ainihin littafin daga Girkanci aka ɗauko shi, ta sha ganin irinsa. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne ƙananan rubutun ajami na gefe, inda Kaka ya sa sunayen itatuwanmu a madadin nasu. Rabin haruffa kawai suka rage.

Muka koma Satwa a guje neman gefen da aka yanke. "Khalas, habibi," in ji mai shagon, "zance ya ƙare, an kwashe shara tun safe."

Na dawo Kano ina jin haushin kaina, gyaran gangar Auzinawa na yi. Na koyi cewa abin gado, a tambayi masani kafin a taɓa shi. Baba ya karɓi littafin, ya shafa bangon, ya ce ya yi kyau. Sannan ya gyara zama, ya ce in karanta masa abin da mahaifinsa ya rubuta a gefe.