Daga Bakin Ƙofar Ɗakin Asibiti

Wane irin ciwo ne zai kwanta a ƙirjin mutum tun yana cikin uwarsa, ya jira sai ya yi gemu sannan ya tashi? Likita ya yi mini bayani, na ce to, amma har yau ban gane ba. Ki rubuta yadda na faɗa, ni ban yi boko ba.

Ɗana ne na fari. A gidanmu na Ƙofar Rini uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi. Ƙanwata ce ta goye shi. Ko bayan rasuwar mahaifinsa, da ya ɗauki cefanen gida, ta bakinta nake masa godiya.

Gero yake sayarwa a kasuwa. Da tari ya fara, muka ce ƙaiƙayi ne. Sai numfashi ya soma gagararsa idan ya kwanta. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga ƙari tsakanin huhu da huhu. Likita ya ce irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, wai ƙwayoyin haihuwa ne suka ɓace hanya tun ana halittarsa.

Aka fara masa maganin daji ta jijiya, kamar ƙarin ruwa. Ya yi kwanaki a kwance, a sallame shi, ya koma. Gashinsa ya zube, ko ƙanshin miya sa shi amai yake yi. Ni nake dama kunu in kai, in miƙa wa ƙanwata, in zauna a baranda. Takan ce, "Yaya, shiga mana, wa ka kallonki nan?" In ce mata na gan shi ta taga.

Ƙarin ya motse amma bai ƙare ba. Suka ce sai an tsaga ƙashin ƙirji an ciro saura. An yi aikin, an ciro. Huhunsa ne ya kasa, maganin ya riga ya gajiyar da shi. Bai farka ba. Ina kukansa kullum, yanzu ba na ɓoyewa.

Da safen da za a shiga da shi ɗakin aikin, ƙanwata ta tafi karɓo magani, ta bar ni da butarsa. Dole na shiga. Na ajiye butar a gefen gado, na juya zan fita, sai na ji ya kama bakin mayafina. Hannun ba ƙarfi, da na ja zai saki. Ban ja ba. Na zauna a bakin gadon, na dube shi da kyau, abin da ban yi ba tun yana jariri. Ya yi ɗan murmushi ya ce:

"Inna, ashe kin san hanyar ɗakin ga. Ki zamna har su zo su tafi da ni."