Kwalaben Malam Habibu Suna Rana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin shiga aji da safen nan a Funtua aka kira ni, wai Malam Habibu ya rasu.

Shi ya koya mini bayoloji a Malumfashi, shi yake duba binciken digirina na biyu. In na makara, sai ya ce, "Nura, ko hawainiya ta riga ka," sannan ya turo mini kwanon ɗanwakensa.

Shekara tara yana kiwon wasu ƙwayoyin bakteriya da ya ɗebo daga kududdufin bayan gari, a cikin kwalabe a gidansa. Da haske suke rayuwa. Kwalbar da ke lungu takan yi ja wur kamar zoɓo, ta bakin taga kuwa sai ta koɗe. Na tambaye shi dalili, ya ce, "In ruwan sama ya yi ƙaranci, ba ƙara kwanukan tara ruwa ake yi ba? Su ma in haske ya ragu, sai su ƙara abin tare shi, shi ne jan nan da kake gani."

Ranar Juma'a muka rabu. Yana tari, amma ya ce mura ce. Ya nuna mini kwalaben lungu ya ce, "Waɗannan sun saba da inuwa. Kada ka fitar da su rana lokaci ɗaya, ƙonewa za su yi. A hankali ake matsar da su."

Ɗazu na kira matarsa na yi mata gaisuwa, na tambayi kwalaben. Ta ce, "Ayya Nura, mun fitar da su tsakar gida tun safe, a samu wurin shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarma."

Ba laifinta ba ne, wallahi. Na roƙe ta a rufa musu jiƙaƙƙen buhu.

Yanzu ina cikin mota zuwa Malumfashi, direba sai tsayawa yake yana ɗaukar fasinja. Tsoro nake ji. In suka mutu, aikinsa ya bi shi, nawa ma ya tafi, kuma ban san wanda zan tambaya ba. Shekara shida ina inuwar mutumin nan, yau an fitar da ni rana lokaci ɗaya.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah ku sa shi a addu'a, ku roƙa mini in tarar da ko kwalba ɗaya da sauran janta.