Lotsawar da Ban Rubuta Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da jirgin ƙasa ya sauke mana farantin eriya a Kafanchan ba, a tsakiyar shekarun 1970. Lokacin ina ƙaramin jami'i, sabon dawowa daga kwas, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi. An ba mu aikin ɗora farantin a kan hasumiya wajen Kagoma, ya riƙa harba maganar tarho zuwa tasha ta gaba.

Ga wanda bai sani ba, faranti tattara sigina yake yi ya cilla ta gaba, kamar hasken tocila. Yadda za ta bazu kuwa kimantawa ake yi: a ɗauki faɗin farantin da zangon siginar, a fitar da faɗin hasken. Sai dai lissafin yana ɗauka farantin sumul yake, ba lahani. Na san da wannan sharaɗi sarai.

Tun a tashar jirgi Baba Yohanna, shugaban masu hawa hasumiya, ya shafa bakin farantin ya ce, "Oga, wannan abu ya lotsa fa. Taɓa ka ji."

Na taɓa, na kuma ji. Amma ina ɗokin a ce na gama kafin damina. Na ce, "Baba, takarda ta ce ba komai."

"To, takarda ya fi ni karatu," in ji shi, ya ɗauki igiyarsa.

Haka muka ɗora shi. Ruwan farko mai ƙarfi, layi ya mutu. Ashe siginar gefe take tsiyayewa. Babban injiniya ya zo daga Kaduna, ya hau ya ga lotsawar, ya ce, "Wa ya ja wannan sama?" A ƙa'ida, duk lahanin da ba a rubuta ba ranar karɓar kaya, na wanda ya ɗaga ne. Rubuta lahanin aikina ne, ban kuwa rubuta ba. Baba Yohanna ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Aka sauke shi daga shugabanci, ya ajiye aikin ya koma noman doya. Bayan shekaru na tare shi an tashi daga sujada a coci, na fara kame-kame. Ya ce, "Bari, Oga, na yafe tuntuni. Sai dai yarana har yanzu sun ɗauka babansu ne ya ɓata kayan gwamnati."

Kimantawa ba laifi ba ce, da ita muke cin abinci a wannan sana'a. Amma abin da ka cire daga lissafi ba ya ɓacewa, a kan wani yake faɗowa. Nawa a kan Baba Yohanna ya faɗo, kuma har aka binne shi ban je na gaya wa 'ya'yansa gaskiya ba.