Ƙugun Wandon Direba

Duk wanda ya daɗe a layin ya san shagon Goggo Tela, ko da bai taɓa shiga ba. Ɗan tsukuku ne tsakanin kantin magani da shagon mai gyaran waya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Keken ɗinki na bakin taga, teburin guga a gefe, sai dogon madubi da ya tsage ta ƙasa tun kafin a haifi autarta. Ba ta cika ɗinka sabon kaya ba. Aikinta gyara ne: rage ƙugu, ƙara tsawo, canza zif, faci a gwiwa. A wurin ƙanwar mahaifinta ta koya, tun ƙafarta ba ta kai wa matakin keke sai an sa mata katako.

Takan ce mai ɗinka sabo ranar murna kaɗai yake ganin mutum, mai gyara kuwa yana ganinsa a kowane hali. Ita ke fara sanin wadda ta samu ciki, tun kafin surukarta ta ji ƙishin-ƙishin. Ta san wanda aka ƙara wa girma a ofis ya fara ajiye tumbi, ta san wanda ciwo ke ci a ɓoye. Tef ɗin awon da ke rataye a wuyanta ba ya ƙarya, amma bakinta a ɗinke yake. In mace ta kawo siket a buɗa mata, tana sunkuyar da kai, sai Goggo ta ce, "Yadin yanzu ne, 'yata, wanki ɗaya sai ya tsuke." A haka za a rabu, kowa da mutuncinsa.

Mijinta kowa Direba yake ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye makulli. Motar ma'aikatan wani kamfani ya ja har gashinsa ya yi fari. Tun da suka yi aure bai taɓa sa wandon da ba hannunta ne ya ɗinka ba, kuma yana da abin taƙama guda da abokansa suka gaji da ji. Sai ya miƙe, ya bugi ƙugunsa, ya ce, "Mijin tela ba ya ɗaura bel. Bel na wanda aka yi wa ɗinkin cin amana ne."

Ciwon suga ya same shi tun yana aiki, hawan jini ya biyo baya. Yana shan magungunansa, yana zuwa asibiti in lokaci ya yi, rayuwa na tafiya. Sai wansa ya faɗi a ƙofar gidansa da shanyewar ɓarin jiki. Ya yi watanni a kwance, baki a karkace, ido kawai ke magana. Goggo Tela ce ta kwashi rigunansa ta tsaga su ta baya, ta sa musu maɓallai, don a riƙa sa masa ba tare da an ɗaga hannun da ya mutu ba. Ranar da aka binne shi ta dawo gida ta zauna tana kallon Direba yana cin nama, ta ji kamar ta fisge farantin.

Ana cikin haka Auta ta zo hutu daga garin da take aiki, da wayarta cike da bayanai. Ta ce akwai masu suga da hawan jini da suka bar nama, suka koma kan ganye da hatsi da 'ya'yan itace, kuma suka ji sauƙi.

"Amma a hankali ake yi, Mama," in ji ta. "Kuma sai an tambayi likita."

Goggo ta ji rabin farko, rabin ƙarshen ya bi iska. Ita mace ce mai almakashi, in ta sa alli ta ja layi, to yanka ne. Kafin Auta ta koma bakin aikinta, nama ya bar gidan, kifi ya bi shi, ƙwai da madara ma haka. Wake kuwa ba ta dafa ba, don ta san yana kumbura masa ciki. Abin da ya rage shi ne kabeji, karas, alayyafo, kokwamba da 'yar shinkafa a gefe kamar an ɗiba wa baƙon da ba a so.

Direba ya dubi farantin, ya dube ta. "Ni dai na san na yi ritaya daga tuƙi. Ban san akuya zan koma ba."

"Ka taɓa ganin akuya mai hawan jini?"

"Ban taɓa ganin wadda ta kai shekaruna ba dai."

Ya yi dariyarsa, ya ci. Kullum haka yake ci, yana tsokana, ba ya musu.

Da farko abin ya yi kyau. Ɗan injin awon suga da yake huda yatsa da shi da safe ya fara nuna lambobin da ba su taɓa gani ba. Goggo ta kira Auta a waya tana murna har da shewa. Sai wata safiya, yana fita sayen burodi, ta ga ya ja wandonsa sama da hannu ɗaya, bai ma san ya yi ba. Ba ta buƙaci tef. Idonta ya gaya mata inci ɗaya ne.

Ta saka wandon cikin kayan mutane ta tafi da shi shago. Ta farke bayan da reza, ta rage, ta goge ɗinkin har ya kwanta, ta mayar cikin durowa kafin ya dawo daga hira. Washegari ta ɗauki na biyu. Ta ce wa kanta tumbi ne ke sauka, dama likitoci sun sha cewa ya rage.

Bayan 'yan makonni ta sake ragewa. A karo na uku aljihun baya biyu suka kusa haɗuwa, dole ta cire su ta matsar. Tana cikin wannan aikin ta tsayar da keke, ta zauna da wandon a cinyarta. Ta sha yi wa mazan mutane irin wannan ragin, kuma ta san ba tumbi kaɗai ke tafiya ba in aka kai nan. Cinya ta tafi, mazaunai sun tafi. Amma ta san in wando ya fara zame masa, zai ce a dawo da nama, ita kuma da ta rufe ido sai ta ga bakin wansa a karkace. Tsakanin rama da wannan kwanciyar, ta zaɓi rama. Ta taka keke.

Mutanen layi ba makafi ba ne. Mai kantin magani ya tare shi ya ce, "Baba, lafiya kuwa? Ka faɗa."

"Fuska ce kawai, tsufa ne," in ji Direba, ya bugi ƙugu. "Wandona bai ce komai ba. Ranar da ya yi magana zan gaya maka."

Goggo na jin su ta taga, da fil a bakinta. Ba ta ɗaga kai ba.

Ranar komawa asibiti ta rufe shago ta bi shi, abin da ba ta saba ba. Nas ta ɗora shi kan sikeli, ta rubuta, ta sake duban allurar, ta rubuta dai. Likitar matashiya ce, ba ta fi sa'ar Auta ba, da tabarau da ke yawan zamo mata kan hanci. Ta yaba da sugan, ta yaba da jinin, sannan ta tsaya kan wani layi a katin.

"Baba, nan an rubuta ka sauke kusan kilo goma. Kayanka ba su yi maka yawa ba?"

Direba ya miƙe kamar dama jira yake. Ya ɗaga riga, ya cusa babban yatsa a ƙugun wando, da ƙyar ya shiga. "Duba, 'yata. Wandon nan ya girmi zuwanki asibitin nan. Yadda yake zauna mini bara, haka yake zaune yau."

Likitar ta duba, ta tura tabarau. "To, wataƙila sikelin ne. Yakan yi mana haka. In ka dawo sai a sake awo. Maganin kuma ka ci gaba da shi yadda yake."

Ta sa biro a takarda. Goggo Tela na kallon hannun yana tafiya. Ita da ta shekara da shekaru tana rufa wa jikin mutane asiri, yau ita ce ta buɗe baki.

"Sikelinku lafiyarsa ƙalau," ta ce.

Suka juyo gaba ɗaya.

"Ni ce nake rage masa. Sau uku. Duka wandunan." Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. "Ki juya shi ki ga aljihunan baya, ba nan suke ba da."

Direba ya kai hannu baya ya shafa aljihun, ya sake shafawa. Ya koma ya zauna a hankali.

Likitar ta ajiye biro. Ta tambayi me yake ci, Goggo ta lissafa mata, lissafin bai yi tsawo ba. Sai ta juya gare shi. "Baba, kana jin jiri? Gumi, rawar hannu, ko ido ya yi duhu?"

"Ba sosai ba."

"Ba sosai ba sau nawa?"

Ya saci kallon matarsa. "Akwai ranar da na zauna a dakalin tashar mota, ƙafafu suka ƙi. Wata baiwar Allah ta ba ni alawa, na dawo daidai. Tun ran nan nake yawo da ita a aljihu."

"Takardun alawar da nake tsinta in zan yi wanki?" in ji Goggo. "Na ɗauka jikoki kake saya wa!"

"Su ma ina ba su."

"Ka faɗi a titi, Malam, ba ka gaya mini ba?"

"Zama na yi, ban faɗi ba. Kuma ina ganinki kina yanka ganyen nan kamar mai neman lada, kina murna da lambobi. Ta ina zan fara?"

Ta rufe fuska da mayafi. Likitar ta ba su ɗan lokaci, tana gyara takardun da ba sa buƙatar gyara.

Sannan ta yi musu bayani a natse. Ta ce barin nama ba laifi ba ne, akwai masu irin ciwonsa da yawa da abin ya karɓe su, shi ma ga suga da jini sun nuna. Amma an cire masa abin gina jiki ba a mayar da komai a gurbinsa ba. Maganin da yake sha kuma an auna shi ne da tsohon jikinsa da tsohon farantinsa, yanzu ya yi masa ƙarfi, yana kayar da sugan ƙasa fiye da kima, kuma wannan kan kayar da mutum farat ɗaya. Za ta rage maganin yau, a kuma ɗebi jini a duba ƙoda da ƙarfin jinin. Abinci kuwa hanya biyu ce. Ko su ci gaba ba nama, amma da wake da waken soya da gyaɗa a ƙoshi, da ƙwayar bitamin da za ta rubuta. Ko kuma a dawo da ƙwai da kifi jefi-jefi.

"Kowacce kuka ɗauka zan bi ku da awo," ta ce. "Ku za ku zaɓa."

Goggo ta buɗe baki, amsa na kan harshenta, don ita ta saba yankewa. Sai ta rufe. Ta share ido, ta juya ta dube shi sosai, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa rami.

"Malam, kai me kake so?"

Ya daɗe yana shafa haɓa. Tun da aka fara wannan tafiya ba wanda ya tambaye shi.

"Naman dai ban yi kewarsa yadda na zata ba," ya ce. "Jikina ya fi sakewa, gaskiya. Amma ƙwai. Ƙwai ɗaya da safe, da shayi mai madara, ba wannan ruwan bunun ba. Waken ma a dafa. In ɗaki ya gagari zama, ke kika jawo."

Likitar ta yi dariya har tabarau ya zamo. Goggo ma ta yi, hawaye na bin kumatunta. "Zan jiƙa shi tun dare, in zubar da ruwan. Ba zai dame ka ba."

"Mu gani."

Likitar ta rubuta sabuwar takarda, ta miƙa, ta ce su wuce ɗakin ɗiban jini. Goggo ta ɗauki jaka ta miƙe, amma Direba bai tashi ba.

"'Yata, kafin mu fita, a ɗora ta ita ma kan sikelin nan."

"Ni? Ni me na yi? Lafiyata lau."

"Abin da nake ci take ci," ya ce wa likitar, bai kula ta ba. "Ta zaci ba na gani in ta turo mini rabin shinkafarta. Ita kuwa ba mai kama ta, da kanta take rage kayanta."

"Malam, ka ji tsoron Allah, mutane na jira a waje."

"Su jira. Kawo jakar."

Ya karɓi jakar ya rataya a kafaɗa kamar tasa. Nas ta jawo sikelin da ƙafa. Goggo Tela ta yi ta gunaguni tana cire takalmi, ta ɗora ƙafa ɗaya, ƙarfen ya yi mata sanyi, ta kama hannunsa ta hau.

"Mama, sai kin sake shi," in ji nas. "In ba haka ba rabin nauyinki na kansa."

Ta sake shi a hankali, yatsa bayan yatsa, ta tsaya ita kaɗai. Shi kuwa ya sunkuya, jakar na lilo a gefensa, ya ƙanƙance ido yana jiran allurar ta daina rawa.